Ƙwan lantarki mai jin magana: nawa yake ci idan an rage haskensa?

Tun daga watan Agusta na shekarar 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa ƙasarmu bayan takunkumin ƙungiyar CEDEAO, maganar wuta ta fita daga hannun injiniyoyi ta shiga kowane gida. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC yake rarrabawa daga can take zuwa. Layi ɗaya yana ɗauko wutar madatsar Kainji, ya biyo ta Birnin Kebbi ya iso Yamai tun shekarar 1976. Wani kuma ya taso daga Katsina ya faɗo Gazawa, shi ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. An janye takunkumin ran 24 ga watan Fabrairu 2024, amma wanda ya kwana cikin duhu da zafi a watannin nan ya riga ya san darajar kowane wat.

Cikin wannan hali ne ake tallar wani sabon ƙwan lantarki, wanda masu sayar da shi suke cewa yana da wayo. Mu a nan za mu kira shi ƙwai mai jin magana, domin daga salula ake ba shi umurni: a kunna shi, a kashe shi, a rage haskensa, a sauya launinsa, ko a yanka masa lokacin kamawa da na mutuwa. Kamfanin Philips ya fito da nasa mai suna Hue a shekarar 2012, daga baya kamfanoni da yawa suka bi sahu, kuɗinsa kuma ya yi ta sauka. Babban kirarin da ake yi masa shi ne rage cin wuta. Ya kamata mai gida da ke biyan faktir kowane wata, da ma'aikacin da ke sayen kaya da kuɗin gwamnati, su san iyakar gaskiyar wannan kirari kafin su kwance bakin aljihu.

Ma'auni uku da ya kamata a sani

Ma'auni na farko shi ne wat. Wat yana faɗin saurin da abu yake cin wuta. Na biyu shi ne kilowat-awa, wato yawan wutar da aka cinye, kuma shi ne kontar gida yake ƙirgawa har a rubuto shi cikin faktir. Abin da ke cin wat 1000, idan ya yi awa ɗaya a kunne, ya ci kilowat-awa 1. Abin da ke cin wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci hakanan. Na uku shi ne lumen, ma'aunin yawan hasken da ƙwai yake bayarwa.

Mutane da yawa sun saba auna hasken ƙwai da wat, su ce a ba su mai 60 ko mai 100. Wannan al'ada ta tsohon ƙwai ce. Yau lumen ake dubawa a san haske, a dubi wat a san kuɗi. Kamar mai sayen jaki ne: yana tambayar nauyin kayan da yake ɗauka, yana kuma tambayar yawan dusar da yake ci.

Daga ƙwai mai zare zuwa LED

Tsohon ƙwai mai zare a ciki, irin wanda Thomas Edison ya shahara da shi tun 1879, yana ba da haske ne ta hanyar ƙona zaren har ya yi fari. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. Mai wat 60 yana ba da kamar lumen 800, kuma bayan awa 1000 sai ya mutu. Bayansa aka yi ƙwai mai lanƙwasasshen bututu, wanda ke ba da haske iri ɗaya da wat 14 ko 15, sai dai akwai zaiba mai guba a cikinsa, idan ya fashe. Sannan LED ya zo, bayan da wasu masana uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano yadda ake samun shuɗin haskensa a farkon shekarun 1990, abin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2014. LED mai wat 8 ko 9 yana ba da lumen 800 ɗin nan, masu ƙera shi kuma suna rubuta masa rayuwar awa 15 000 zuwa 25 000.

Ƙwai mai jin magana LED ne shi ma. Abin da aka ƙara masa shi ne ɗan ƙaramin rediyo da ƴar ƙwaƙwalwa a gindinsa, domin ya karɓi saƙo ta wifi ko Bluetooth ko Zigbee. Idan an sake shi da dukan haskensa, yana cin abin da LED na kullum yake ci, ko ya ɗara kaɗan. Saboda haka duk ragin da zai kawo daga wuri biyu zai fito: rage haske, da kashewa a kan lokaci.

Abin da ke faruwa idan an rage haske

A tsohon ƙwai, rage haske asara ce. Idan aka rage ƙarfin wutar da ke shiga zaren har haske ya koma rabi, ƙwan yana nan yana cin kamar kashi 70 cikin 100 na abin da yake ci da farko, domin zaren da ya ɗan huce zafi kawai yake fitarwa. LED ba haka yake ba. Ana rage haskensa ta hanya biyu: ko a rage wutar da ke ratsa shi, ko a riƙa kunna shi ana kashewa sau ɗaruruwa ko dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, da saurin da ido ba ya iya bi. Ta kowace hanya, cin wuta yana sauka kusan daidai da saukar haske. Rabin haske, kusan rabin wuta.

Akwai kuma wani abu da yawancin masu amfani da shi ba su lura da shi ba. Idon ɗan Adam ba ya auna haske kamar na'ura. Idan aka rage haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ido yana ganin kamar rabi aka rage. Masu ƙera ƙwai sun san haka, shi ya sa da yawa daga cikinsu suka daidaita lambar da ke fitowa a salula da abin da ido ke gani. Wato idan salula ta nuna 50, hasken gaskiya yana iya zama kashi 25 cikin 100 kawai. Wasu kamfanonin kuwa sun bar lambar ta bi hasken gaskiya kai tsaye. Don haka ƙwai biyu da aka ajiye a kan 50 suna iya bambanta ƙwarai wajen ci.

Mu ɗauki misalin ƙwai mai wat 9 da lumen 800, wanda rediyonsa da sauran kayan cikinsa ke cin rabin wat kullum. Idan irin wanda ke bin ido ne, ga abin da lissafi ya bayar:

— a kan 100: lumen 800, wat 9;
— a kan 75: kamar lumen 450, wat 5 da ɗan ɗori;
— a kan 50: kamar lumen 200, wat 2 da rabi zuwa 3;
— a kan 25: kamar lumen 50, wat 1;
— a kashe daga salula: babu haske, rabin wat.

Idan kuwa irin wanda ke bin hasken gaskiya ne, a kan 50 zai ba da lumen 400 ya ci wat 5 ba kaɗan, a kan 25 ya ba da lumen 200 ya ci wat 2 da rabi zuwa 3. Ko ta wace hanya aka bi, lumen 200 kuɗinsa ɗaya. Lambar salula ce kawai ta bambanta.

Jerin nan ya nuna abu biyu. Babban ragi yana samuwa ne tsakanin 100 da 50, inda ci ya faɗo daga wat 9 zuwa ƙasa da 3. Daga 25 zuwa ƙasa kuwa ragin ya zama ɗan kaɗan, domin rabin wat ɗin nan ba ya motsi. A cikakken haske, kowane wat yana haifar da kusan lumen 89. A kan 25, lumen 50. Idan aka kai shi can ƙasa inda yake ba da lumen 8, kowane wat ba ya haifar da fiye da lumen 14, kusan daidai da tsohon ƙwai mai zare. Duk da haka wutar da yake ci a wurin ba ta kai wat 1 ba, saboda haka asarar ba ta da yawa ga ƙwai guda.

Game da launi: ƙwai mai launuka yana da ƙananan LED iri iri a ciki. Farin haske cikakke shi ya fi cin wuta. Ja zalla ko shuɗi zalla ba su ci kamarsa, amma haskensu ba ya isa a yi karatu ko ɗinki. Wannan ado ne, kada a lissafa shi cikin tattali.

Cin da yake yi yana kashe

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙwai ba zai ji umurnin kunnawa ba sai kunnensa yana buɗe, kunnen nan kuwa wuta yake ci dare da rana. LED na kullum, idan an danna makunnin bango, cinsa ya tsaya cak. Mai jin magana, idan daga salula aka kashe shi, haske kawai ya mutu.

Wani bincike da aka buga a 2016 ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Duniya ya gwada ƙwayaye iri daban daban, ya tarar cinsu a kashe ya kama daga wat 0,15 har ya wuce wat 2 da rabi. Wannan ya sa hukumomi suka shiga maganar. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa iyaka a kan wat 0,2 tun 2019. Tarayyar Turai ta kafa tata a kan rabin wat tun watan Satumba 2021. Ƙwan da aka ƙera domin kasuwannin nan dole ya bi doka. Wanda aka ƙera domin kasuwar da ba a bincike, babu mai lamunce maka abin da yake ci.

Rabin wat ba kome ba ne a ido. Amma shekara tana da awa 8760, saboda haka rabin wat yana zama kilowat-awa 4 da ɗori a shekara, ga ƙwai ɗaya, ko da ba a taɓa kunna shi ba. Idan ƙwan yana awa 5 a kunne, awa 19 a kashe, cin ɓoyen yana kai kusan abin da zai ci cikin awa ɗaya ta cikakken haske. Wato kowace rana mai gida yana biyan awa 6, yana morar 5.

Bayan haka akwai akwatin wifi. Irin na gida yana cin kamar wat 5 zuwa 10 ba dare ba rana. Mai wat 6 yana cinye fiye da kilowat-awa 4 a wata, abin da ya wuce cin LED uku masu aiki awa 5 kowane dare. Gidan da ya riga ya mallaki akwatin domin wata bukata ba zai ɗora wannan a kan ƙwai ba. Wanda zai saye shi ko ya bar shi a kunne saboda fitila, ya sa shi cikin lissafi.

Lissafin wata ɗaya

Domin sauƙin lissafi, mu ɗauka kilowat-awa ɗaya sefa 100 ne, wato dala 20. Kowa ya dubi faktir ɗinsa ya sa farashin da ya shafe shi. Mu ɗauka kuma ƙwai ɗaya yana aiki awa 5 kowane dare har kwana 30:

— tsohon ƙwai mai wat 60: kilowat-awa 9, dala 180;
— mai bututu, wat 14: kilowat-awa 2,1, dala 42;
— LED na kullum, wat 9: kilowat-awa 1,35, dala 27;
— mai jin magana da cikakken haske, haɗe da cin ɓoye: kamar dala 33;
— mai jin magana da aka rage zuwa wat 3, haɗe da cin ɓoye: kamar dala 15;
— ƙaramin LED na kullum mai wat 3: dala 9.

Wanda ya cire tsohon ƙwai ya sa LED na kullum ya rage dala 153 a wata. Wanda ya cire LED na kullum ya sa mai jin magana, kuma ya yarda ya zauna cikin ragaggen haske kowane dare, ya rage dala 12 kacal, wato sefa 720 a shekara. Idan bambancin kuɗin sayen ƙwayayen biyu ya kai jikka 5, sai ya yi kusan shekara 7 kafin ya mayar da kuɗinsa. Idan kuwa bai rage hasken ba, kowane wata yana ƙara biyan dala 6 a kan maƙwabcinsa mai LED na kullum. Layin ƙarshe na jerin ya fi kowane muhimmanci ga talaka: inda ɗan haske ya isa, ƙaramin ƙwai na kullum ya fi babban ƙwai da aka rage araha, wajen saye da wajen ci.

Inda yake da amfani, da inda ba shi da shi

Akwai wuraren da bukatar haske take sauyawa cikin dare ɗaya. Fitilar ƙofar gida ko ta zaure misali ce. Tana kamawa da ƙarfe 7 na yamma har 6 na safe, awa 11. LED mai wat 9 zai ci wat-awa 99. Mai jin magana, idan ya yi awa 3 da cikakken haske lokacin hira da shige da fice, ya sauka zuwa wat 2 har asuba, sannan ya mutu da kansa, zai ci kamar wat-awa 50 haɗe da cin ɓoyensa na rana. Ya rage rabi. Haka ɗakin majinyata a asibiti, inda ake son haske mai ƙarfi lokacin duba marar lafiya, da ɗan haske lokacin barci. Haka ɗakin tsoho ko naƙasasshe wanda tashi zuwa makunni yake yi wa wuya. A nan amfanin ya wuce maganar kuɗi.

Akwai kuma wuraren da sa shi ɓarna ce. Ɗakin ajiya ko makewayi, inda fitila ke aiki rabin awa a rana, haske zai ci wat-awa 4 da rabi, cin ɓoye kuwa kusan 12. Ƙwan ya fi cin wuta a kashe bisa a kunne.

A biro, mako yana da awa 168, aiki kuwa kamar awa 40 ne. Ƙwai mai wat 9 da aka manta da shi a kunne har ƙarshen mako yana cin wat-awa 1512. Mai jin magana da aka yanka wa lokaci yana cin 424. Na kullum wanda mai gadi ko ma'aikacin ƙarshe ya kashe da hannu yana cin 360. Hannu a kan makunni ya fi kowace na'ura araha. Inda aka san ba za a samu wannan ladabi ba, ƴar na'ura ɗaya mai jin motsin mutum, ko agogon kashe wuta ɗaya ga ɗaki duka, ya fi a sa rediyo cikin kowane ƙwai.

Abin da halin ƙasarmu ya ƙara

An ƙera ƙwayayen nan ne domin ƙasashen da wuta ba ta cika yankewa ba. Da yawa daga cikinsu, idan wuta ta tafi ta dawo, sai su kama da cikakken haske ko da a kashe aka bar su, domin suna ɗauka mutum ne ya danna makunni. A garin da ake ɗauke wuta sau biyu ko uku a yini, fitila tana iya kamawa da tsakar rana babu kowa a gida, ta yi ta ci har yamma. Wasu kamfanoni sun ba da damar a umurci ƙwai ya koma yadda aka bar shi. Mai saye ya tambayi wannan, kuma ya gyara shi tun ranar farko.

Zafi ma abokin gaba ne. Awoyin rayuwa da ake rubutawa a kwali an auna su ne cikin ɗaki mai sanyi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Birnin Ƙonni, kayan da ke gindin ƙwai suna saurin gajiya, balle idan an rufe shi cikin gilashin da iska ba ta shiga. Rage haske yana taimako a nan, domin ƙwan da ke cin wat 3 bai kai mai cin 9 ɗumi ba. Hawa da saukar ƙarfin wuta kuma suna iya kashe shi farat ɗaya, asarar ƙwai mai tsada kuwa ta fi ta mai araha ciwo. A kula kuma: wutarmu volt 220 ce, ƙwan da aka yi domin Amurka na volt 120 ne, idan aka sa shi a nan zai lalace.

Masu pano da batir su suka fi kowa bukatar yin hattara. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe kamar wat-awa 1200, kuma idan irin na darma ne, rabi kawai ya kamata a ja domin ya daɗe, wato 600. Ƙwai 10 masu jin magana suna shan wat-awa 120 a yini ba tare da sun haska kome ba. Kashi ɗaya cikin biyar na ajiyar ya tafi kenan, ban da abin da na'urar juya wutar batir take ci don dole a bar ta a kunne. A ƙauyen da pano ɗaya ke haska ajin yaƙi da jahilci ko ɗakin haihuwa, ƙwai na kullum mai aiki da wutar batir kai tsaye shi ne daidai.

Idan aka haɗa na ƙasa duka

Da yayyafi kogi kan cika. Ƙwai 100 000 masu wat 60, idan aka musanya su da LED mai wat 9, nauyin da zai sauka daga kan layi ya wuce megawat 5. Tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018, megawat 7 ce. Ragin kuma yana zuwa ne bayan magariba, lokacin da fitilu da fankoki suka kama gaba ɗaya, rana kuwa ta faɗi, tashar Malbaza da ta Goru Banda mai megawat 30, wadda ta soma aiki a ƙarshen 2023, sun daina bayarwa. A lokacin nan injunan gazuwal, da gawayin Anu-Araren, da wutar da aka sayo daga waje su ke ɗauke da kaya.

Ƙasar Gana ta gwada wannan hanya. A shekarar 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba wa jama'a ƙwai mai bututu miliyan 6 kyauta, ta karɓe tsofaffin. Nauyin yamma ya sauka da kamar megawat 124. Madatsar Kandaji da ƙasarmu ta daɗe tana jira, megawat 130 aka tsara mata. Wato abin da Gana ta samu daga musanyar ƙwai ya kusa abin da babbar madatsa take bayarwa, cikin watanni kaɗan. LED na yau ma ya fi ƙwan da Gana ta raba ƙarancin ci.

Sai a kwatanta da mai jin magana. Ƙwai 100 000 masu cin rabin wat a kashe suna jan kilowat 50 dare da rana. Idan aka tara na shekara, ya wuce kilowat-awa 400 000 da aka ƙona ba a ga haske ba. A ƙasar da kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai yake da wutar lantarki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wat ɗin da ya zube a birni, wata unguwa ce ko wani ƙauye ke jiransa.

Abin da ya rage ga mai saye da hukuma

Mai gida ya fara da cire duk tsohon ƙwai mai zare da ya rage masa, tun daga wanda ya fi daɗewa a kunne. Ya zaɓi hasken da ya dace da kowane wuri: lumen 800 ga ɗakin karatu da ɗinki, 250 zuwa 400 ga ɗakin kwana da zaure. Bayan haka, idan yana da hali, ya sa mai jin magana a wuri ɗaya ko biyu inda haske ke daɗewa kuma bukatarsa ke sauyawa. Idan zai yi tafiya, ya kashe shi daga bango.

Wanda yake son ya gani da idonsa, kontar gidansa za ta nuna masa. Yawancin na zamani suna da ƴar jar fitila mai ƙiftawa, an kuma rubuta a jikinsu sau nawa take ƙiftawa ga kilowat-awa ɗaya. Idan 1000 aka rubuta, a kashe kome a gida a bar ƙwai ɗaya: mai wat 60 zai sa ta ƙifta sau ɗaya kowane minti, mai wat 9 sau ɗaya cikin minti 6 da daƙiƙa 40. Domin auna ragaggen haske, gara a kunna ƙwai uku ko huɗu tare a raba, saboda kontar ba ta cika jin ɗan ƙaramin ci ba.

Ma'aikatan da ke rubuta takardun sayen kaya na ma'aikatu, da asibitoci, da makarantu, su nemi ɗan kwangila ya rubuta musu abu huɗu baƙi bisa fari: lumen nawa kowane wat yake bayarwa, wat nawa ƙwan yake ci a kashe, ƙarfin wutar da yake jurewa, da abin da yake yi idan wuta ta dawo. Wanda ya wuce rabin wat a kashe, kada a karɓa. Hukumomin duwan da masu kula da ingancin kaya su ma suna da aiki, domin kayan da doka ta kora daga wata kasuwa, kasuwar da ba ta da doka yake nufa. Iyakar da Turai ta kafa ba ta fi ƙarfin ƙasarmu ba. Rubuta ta cikin doka da bincike a bakin iyaka kawai take bukata.

Ƙwai mai jin magana yana rage wuta idan an rage haskensa, wannan gaskiya ne, kuma ragin yana iya kai kashi biyu cikin uku. Amma yana karɓar ladansa kowace awa, ko yana aiki ko ba ya yi. Jama'a masu karatu, kafin ku saya ku ƙirga awoyin da fitilar za ta yi a kunne da waɗanda za ta yi a kashe, ku buga lissafin nan da farashin da ke cikin faktir ɗinku, ku kuma karanta wa maƙwabcin da bai samu shiga aji ba tukuna.